Allon Bai Ƙone Ba, Alƙalaminmu Ne Ya Yi Sanyi

 

Akwai maganganu biyu da nake so mu yi wa jana'iza a wannan makon, domin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta farko ita ce wadda ake faɗa wa ɗalibi idan na'urarsa ta ƙi aiki: "Ai ya ƙone, sai dai ka sayi wani." Ta biyu ita ce wadda muke faɗa wa junanmu a tarukan marubuta: "Ai Hausa ba za ta iya ɗaukar bayanin kimiyya da fasaha ba, wannan sai Turanci." Duk biyun hukunci ne da aka yanke ba tare da an saurari shaida ba. Mai faɗin ta farko bai ɗora mita a kan na'urar ba. Mai faɗin ta biyu bai taɓa zama ya gwada rubuta shafi ɗaya ba. Da'awata kuma ita ce, ta biyun ce take ciyar da ta farkon. Muddin mu masu alƙalami muka ƙi rubuta yadda ake gano lalurar na'ura da harshen da yaro yake tunani da shi, to "ya ƙone" za ta ci gaba da zama amsar kowace tambaya daga Birnin Kudu har Gwaram.

Ga wanda bai san abin da nake magana a kai ba, Arduino wani ɗan allon lantarki ne da bai fi tafin hannu ba, irin abin da masu gyaran waya suke kira fanel. An fara ƙera shi a 2005 a wata makarantar koyon ƙira da ke garin Ivrea na ƙasar Italiya. Massimo Banzi da abokan aikinsa ne suka yi shi, kuma sun yi shi ne don ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Samfurin da ya fi yawo a hannun mutane, wato Uno, ya fito a 2010. Kana rubuta umarni a kwamfuta, ka loda masa ta wayar USB, shi kuma ya riƙa aiwatarwa dare da rana: ya kunna famfo idan ƙasar gona ta bushe, ya kashe inji idan tanki ya cika, ya daidaita zafin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, ya tura maka saƙon waya idan an buɗe ƙofar shagonka. Ɗalibin lantarki ko na kwamfuta a foli, ko ta Dutse ce ko ta Kazaure ko ta Haɗeja, da wuya ya gama karatu bai ci karo da shi ba.

To a ɗauki ɗalibi ɗan Gwaram da ya zo hutu da allonsa, saura makonni ya gabatar da furojet. Jiya komai na tafiya, yau ya danna loda sai jan rubutu ya cika ƙasan manhajar: programmer is not responding. Ya sake, haka. Ya kai wa mai gyaran waya na bakin tasha, ya juya allon gaba da baya ya ce ya ƙone. Ya shiga intanet, duk bayanin da ya samu da Turanci ne, ko bidiyon da zai cinye masa data kafin a zo wurin da ya dame shi. Wannan ba kaya ba ne da za ka tsinta a kasuwar Sara ranar cin kasuwa. Sai an yi aike Kano, tafiyar sama da kilomita 100, a biya kuɗin kaya a biya direba, a jira. In kuwa aljihu ko lokaci bai ba da dama ba, sai ya bi hanyar da duk mun sani: ya je ya sayi furojet da wani ya haɗa, ya haddace abin da zai faɗa a gaban malamai. Asarar allo ƙaramar asara ce. Babbar asarar ita ce mun yaye mai takardar shaida wanda bai taɓa bin sawun matsala ɗaya har ya kama ta da hannunsa ba.

Yanzu bari in yi abin da aka ce ba ya yiwuwa.

GA YADDA AKE BIN SAWUN MATSALAR

Fara da sanin hanyar da saƙo yake bi. Umarnin da ka rubuta yana fita daga kwamfuta ta wayar USB, ya isa wani ƙaramin aisi da ke kusa da bakin USB ɗin. Aikinsa tafinta ne, yana juya yaren USB zuwa yaren da babban aisi yake ji. A Uno na asali sunansa ATmega16U2, a na kwaikwayo da suka cika kasuwa yawanci CH340 ne. Daga tafinta saƙon yana bi ta layuka biyu, su ne ƙafa ta 0 da ta 1, masu alamar RX da TX, zuwa babban aisin, ATmega328P. A cikinsa akwai wani ɗan guntun shiri na bayit 512 da ake kira butloda. Ku ɗauke shi a matsayin mai gadin zaure. Duk lokacin da aka sake tayar da allon, yana farkawa ya saurari sallama na kimanin daƙiƙa ɗaya. In ya ji, ya karɓi sabon umarni ya shigar da shi. In bai ji ba, ya bar tsohon umarni ya ci gaba. Kwamfuta da kanta take tayar da allon a farkon kowane lodi, ta wani ɗan kafasito da ke kan layin RESET.

Ka ga kenan sarƙa ce: wuta, waya, direba, tafinta, layuka biyu, tayarwa, mai gadi, babban aisi. Ko'ina ta tsinke, kusan jan rubutu iri ɗaya za ka gani. Rubutun yana cewa ne kawai an yi sallama ba a amsa ba. Wanda ya yi sallama a zaure aka yi shiru, ai ba ya juyawa ya shelanta wa gari cewa mai gidan ya rasu.

Mataki na ɗaya, tabbatar matsalar ta lodi ce. Buɗe misalin Blink da ya zo tare da manhajar, danna alamar tantancewa ba tare da loda ba. In a nan ta yi kuka, matsalar a kwamfutarka take, allon bai ma shigo zancen ba.

Na biyu, tuɓe allon tsirara. Cire kowace waya, kowane sensa, kowane rilé, a bar USB kaɗai. Fi mayar da hankali kan ƙafa ta 0 da ta 1. Masu haɗa na'urar tura saƙon waya irin SIM800L ko ta Bluetooth irin HC-05 suna yawan soka su a nan, alhali nan ce hanyar da kwamfuta take magana da babban aisi. Mutum biyu suna magana lokaci guda a kunne ɗaya, ba wanda za a ji. Allo da yawa da aka yi wa takaba, wannan ne kawai ciwonsu.

Na uku, duba wuta. Koriyar fitila mai alamar ON ta kama? In da mita, auna tsakanin ƙafar 5V da GND, ya kamata ka ga kusan bolt 5. In fitilar ta kama sannan ta dusashe, akwai inda wuta take zurarewa. Uno yana da wani fis a layin USB da yake yanke wuta idan an ja fiye da miliamfa 500, kuma yana dawowa da kansa idan ya huce. Taɓa aisin biyu da bayan yatsa. Wanda ya yi zafin da ba za ka iya barin yatsa a kansa ba alhali ba a haɗa komai ba, shi ne abin zargi.

Na huɗu, canza waya. Akwai wayoyin USB da zare biyu ne kawai a cikinsu, na caji, babu zaren saƙo. Da irinsu fitila za ta kama lafiya lau, amma kwamfuta ba za ta san an soka komai ba. Wannan ya fi samun masu Nano, domin bakinsa ƙarami ne, kowace wayar caji aka gani sai a ɗauka. Uno da wayar firinta yake aiki, ita ma takan karye daga ciki.

Na biyar, tambayi kwamfuta ko ta ga baƙon. A Windows buɗe Device Manager, zare allon ka mayar, ka lura da lambar COM da ta ɓace ta dawo. Ita za ka zaɓa a ƙarƙashin Port. In ka ga alamar rawaya, direba ne babu, kuma allon CH340 yana bukatar nasa direban. In wata manhaja tana riƙe da ƙofar, rufe ta. Ƙofa ɗaya ce, mutum ɗaya take ɗauka.

Na shida, duba sunan allon da ka zaɓa. Ga masu Nano akwai tarko na musamman. Tun 2018 aka canza wa Nano na asali butloda, sabon yana magana da gudun 115200, tsohon da 57600, kuma na kwaikwayo da dama har yanzu tsohon ne a cikinsu. A ƙarƙashin Processor zaɓi wanda aka rubuta Old Bootloader ka sake gwadawa. Dannawa ɗaya ce, ba ta cin ko sisi.

Na bakwai, tambayi mai gadi ko yana raye. Danna maɓallin RESET ka kalli ƙaramar fitila mai alamar L, wadda ke haɗe da ƙafa ta 13. A Uno za ta yi ƙyaftawa uku da sauri. In ta yi, babban aisi da butloda suna nan da ransu, kuma duk wanda ya ce maka ya ƙone ya yi ƙarya ko bai sani ba. In tana ƙyaftawa da maɓalli amma ba ta yi idan lodi ya fara, to tayarwar kai-tsaye ce ta lalace. Sai ka riƙa yi da hannu: danna RESET ka saki daidai lokacin da manhajar ta gama harhaɗawa ta fara turawa. Yakan ɗauki gwaji biyu ko uku kafin hannu ya kama lokacin.

Na takwas, gwada tafinta shi kaɗai. Zare USB, haɗa RESET da GND don babban aisi ya yi barci, haɗa ƙafa ta 0 da ta 1 da guntuwar waya, mayar da USB, buɗe Serial Monitor ka rubuta kowace kalma. In ta dawo maka, waya da direba da tafinta duk lafiyarsu ƙalau. Sai dai a kula, allon CH340 yakan faɗi wannan gwajin ko da lafiyarsa, don haka faɗuwarsa a nan ba hujjar mutuwa ba ce.

Na tara, in fitilar L ta yi shiru, mai yiwuwa mai gadin ne aka kora. Wanda ya taɓa amfani da Upload Using Programmer ya share butloda ko bai sani ba. Ana mayar da shi da allon aboki. Loda wa lafiyayyen allon misalin ArduinoISP, haɗa ƙafarsa ta 10 da RESET na mara lafiyar, ta 11 da ta 11, ta 12 da ta 12, ta 13 da ta 13, sannan 5V da GND. Sanya kafasito mai maikurofarad 10 tsakanin RESET da GND na lafiyayyen. A ƙarƙashin Programmer zaɓi Arduino as ISP, ka danna Burn Bootloader. In manhajar ta ce lambar shaidar aisin sifili ce zalla, sake duba wayoyinka kafin ka yanke ƙauna, domin sako-sakon waya ma haka yake nunawa.

Sai bayan duk wannan ne kalmar "ya ƙone" take da hurumin fitowa daga bakin mutum. Ko a nan ma, tambaya ita ce mene ne ya ƙone. A Uno da yawa babban aisin mai ƙafa 28 a kan gurbi yake zaune, ba a like shi da dalma ba. Ana ɗaga shi a hankali a sa sabo mai butloda, a lura da ɓangaren da aka yi wa tsaga. In kuwa tafinta ne ya mutu, babban aisin yana karɓar umarni ta hanyar da muka bi a mataki na tara.

Me yake kashe su a wajenmu? Wuta ce, mafi yawa. Ramin caja na Uno bolt 7 zuwa 12 ake so ya sha. Farantin sola da ake kira na bolt 12, in rana ta take kuma ba a ɗora masa kaya ba, yana haura bolt 20. Batir mai bolt 12 da aka soka bisa kuskure a ƙafar 5V kisa ne nan take, domin aisin ba a yi shi don ya wuce bolt 5.5 ba. Kowace ƙafa miliamfa 20 aka ce a ja daga gare ta, 40 shi ne iyakar da ba a tsallakewa, amma sai ka ga an rataya mata mota ko famfo kai-tsaye. Sai ajiye allo a kan tiren ƙarfe, bayansa duk dalma a fili. Sai tartsatsin da jiki yake tarawa lokacin hunturu, irin wanda kake ji idan ka cire rigar sanyi. Amma zancen cewa allo "ya gaji da lodi" tatsuniya ce. Ma'ajiyar ATmega328P an ƙiyasta mata sharewa da rubutawa sau 10,000. Mai loda sau goma kullum sai ya yi kwana 1,000 kafin ya kai nan.

TO, INA HAUSAR TA GAZA?

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa.

Za a ce babu kalmomi. Je ka garejin kanikawa a bakin titin Birnin Kudu ka saurara. Birki, giya, kuloci, fulogi, salansa, lagireto, sitiyari, totur. Wa ya ba su? Ba kwamiti ba ne, ba farfesa ba ne. Mutanen da da yawansu ba su gama firamare ba sun ɗauki injin mota gaba ɗaya sun mayar da shi Hausa, har yaro ɗan shekara goma sha biyu yana koyonsa. Masu gyaran waya sun yi haka da fanel da aisi da filashin. Harshen bai jira mu ba. Mu ne muka tsaya a bakin ƙofa muna jiran ƙamus ya ba mu izini. Ƙa'idar da na bi a sama mai sauƙi ce: in masu sana'a suna da kalmarsu, ita za a ɗauka, abin da aka rubuta a jikin allo ko a cikin manhaja a bar shi yadda mai karatu zai gan shi da idonsa, inda babu kalma, a bayyana aikin abin sannan a raɗa masa suna. Ina da ja da ɓangarori biyu a nan. Akwai masu tsarkake harshe da za su ƙirƙiro kalma mai gaɓa takwas wadda ko su ba sa amfani da ita a gida. Akwai kuma masu kasala da za su jero jimlar Turanci cur su liƙa mata "ne" a ƙarshe su ce sun yi Hausa. Na farko ya kori mai karatu, na biyu ya yaudare shi.

Za a ce ba a taɓa yi ba. An yi, mu ne ba ma karanta magabatanmu. Abubakar Imam da muke ambato a kowane taro, wanda Ruwan Bagaja ɗinsa ya fito daga gasar 1933 a Zariya, shi ne kuma ya haɗu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin bayanin halittu da yadda duniya take aiki. Hukumar NORLA a shekarun 1950 ta buga ƙananan littattafai na koyar da jama'a abubuwan amfanin yau da kullum lokacin Yaƙi da Jahilci. A zamaninmu, Abdullahi Salihu Abubakar, wato Baban Sadiq, ya shafe shekaru yana bayanin intanet da kwamfuta da Hausa a jaridar Aminiya. A Kano, cibiyar Engausa ta Injiniya Mustapha Habu Ringim, ɗan Jigawarmu, tana koyar da matasa sana'o'in fasahar zamani da Hausa haɗe da kalmomin aikin. Hanya a share take. Masu bin ta ne suka yi kaɗan, kuma daga cikin ƙungiyoyinmu na marubuta kusan babu.

Za a ce ai dole yaro ya koyi Turanci in yana son fasaha. Ban musa ba. Takardar bayanin ATmega328P da Turanci take, jan rubutun ma haka. Amma fahimta daban, yare daban. Yaron da ya gane cewa akwai mai gadi da yake saurare na daƙiƙa ɗaya, in ya ci karo da bayanin Turanci gobe zai gane shi da wuri, domin ya san abin da ake nufi, suna kawai ya canza. Sannan ku duba aisin CH340 da ke kan allon nan. Wani kamfani ne a birnin Nanjin na ƙasar Sin ya ƙera shi, kuma takardar bayaninsa akwai ta da Sinanci. Ba su jira sun zama Turawa ba kafin su ƙera abin da muke saye. Ku tuna kuma abin da na ce ku riƙe: don waɗanda ba injiniyoyi ba aka yi Arduino tun farko. Abin da aka ƙera don a sauƙaƙa, mu kuma mun bar shi a bayan katangar yare.

Za a ce bidiyo ya wadatar. Faɗa wa wanda yake ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis. Rubutu ana sauke shi sau ɗaya, a buga shi a takarda, a manna a bangon shago, a koma mataki na shida ba tare da an ja baya an ja gaba ba. In an sami kuskure a gyara layi ɗaya. Mai riƙe da mita a hannu ɗaya da waya a ɗayan, takarda yake bukata a gabansa.

Za a ce ba kasuwa. Marubutan Kano na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, wa ya ajiye musu kasuwa? Kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba, suka buga da kansu, masu karatu suka biyo baya. Yau 'yan uwanmu suna sayar da labarai ta WhatsApp, mutane suna biya don nishaɗi. Wanda ya biya don ya ji yadda jaruma ta kaya da kishiyarta, kuna ganin ba zai biya don takardar da za ta hana shi asarar kuɗin sabon allo da kuɗin mota ba? Mai injin ban ruwa a fadama, mai sola a saman shago, tela mai keken da ke tsinka zare, duk masu karatu ne da ba mu taɓa yi wa magana ba.

Za a ce wannan ba adabi ba ne. To, sai me? Marubuci aka ce, ba a ce mai labarin soyayya kaɗai ba. Ban raina soyayya ba, ita ta koya wa dubban mata da matasa karatun Hausa. Amma ku duba labaranmu da idon gaskiya. Jarumi injiniya ne, ya yi karatu a Ingila, yana da mota huɗu, amma daga shafin farko zuwa na ƙarshe ba a taɓa ganin sukudireba a hannunsa ba. Likita ce, amma aikinta ɗaya shi ne saka farar riga. Ba mu san yadda kowace sana'a take tafiya ba, shi ya sa mutanen labaranmu ba su da aikin yi sai waya da kuka. Kuma babu makarantar da ta kai rubutun gyara horar da alƙalami. A labari, in ka tsallake mataki, mai karatu zai cike maka da tunaninsa. A nan in ka tsallake mataki fitila ba za ta kama ba. In ka ce "haɗa wayar" ba ka faɗi wacce ba, wani zai yi asara. Wanda ya iya wannan, ko tattaunawar labarinsa sai ta fi tsafta.

Ƙorafi ɗaya ne na yarda yana da nauyi: cewa marubucin da bai san abu ba zai iya cutar da mutane. Gaskiya ne. Bolt 5 ba ya kisa, amma ranar da aka haɗa rilé da wutar gida mai bolt 230, kuskuren jimla ɗaya yana iya zama gawa. Maganin wannan sharaɗi ne: kada ka rubuta abin da ba ka yi da hannunka ba, ko ba ka zauna da mai yin sa ka karanta masa ya amince ba. Kwafo bayanin Turanci a juya shi da manhajar fassara a manna suna a ƙasa, wannan ha'inci ne, kuma ya fi shiru muni. Amma sharaɗin bai ce sai mai digiri uku ba. Ni difloma gare ni, kuma duk abin da na jero a sama ɗalibin shekarar farko zai iya tabbatar da shi da allo biyu da mita ɗaya.

Don haka ga abin da nake nema. Kowane ɗayanmu ya zaɓi mai sana'a ɗaya a unguwarsu a wannan makon: mai gyaran janareta, mai haɗa sola, mai gyaran injin ban ruwa, mai gyaran keken ɗinki. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce Malam, wace matsala ce aka fi kawo maka, kuma ta ina kake farawa? Ka rubuta kalma 500 a kan wannan matsala ɗaya tak, da kalmomin da shi yake amfani da su. Ka karanta masa ya gyara maka. Sannan ka ba ƙaninka ko ƙanwarka takardar ka yi shiru, ka ga ko za su iya bi ba tare da sun tambaye ka ba. Duk inda suka tsaya, nan rubutunka ya gaza, koma ka gyara. Shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, da girmamawa nake cewa, a riƙa ware rukuni na rubutun koyar da sana'a a gasanninmu, kuma a sa mai sana'ar cikin alƙalai.

Wanda yake ganin har yanzu Hausa ba za ta iya ba, ina roƙonsa abu ɗaya: ya nuna mini matakin da bai gane ba daga na ɗaya zuwa na tara. In ya nuna, laifin alƙalamina ne, zan sake rubuta shi har ya gane. In bai nuna ba, to ya daina ɗora wa harshen iyayenmu laifin kasalarmu.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in muna cikin masu rai.